Gwamnati da sana'ar otal: Daga Kongo ta Zariya zuwa ƙasashen da ke magana da Sifaniyanci

A kan tsohuwar hanyar Jos, a unguwar Kongo da ke Tudun Wadar Zariya, akwai otal mai suna Kongo Conference Hotel. Mallakar Jami'ar Ahmadu Bello ne, jami'ar kuwa ta Gwamnatin Tarayya ce, don haka ginin da filin da yake kai da duk kwabon da ya shiga asusunsa dukiyar jama'a ne. Ɗalibai da yawa sun kammala karatun shari'a ko na sha'anin mulki a harabar Kongo ba tare da sun taɓa kallonsa ta wannan fuska ba. A wurinsu wurin taro ne kawai, ko masaukin baƙin da suka zo bikin yaye ɗalibai.

Amma otal irin wannan yana ɗauke da wata tambaya da ta daɗe tana raba kan masana tattalin arziki: shin ya dace hukuma ta riƙa sayar da ɗakin kwana da abinci? Idan ta yi, wa ke amfana, wa kuma ke biyan asara? Ƙasashen da ke magana da harshen Sifaniyanci sun fi kowa gwada amsoshi iri-iri a kan wannan, tun daga Sifaniya kanta zuwa Meziko da Kyuba, har zuwa maƙwabciyar Najeriya ta teku, Ikwatoriyal Gini. Wasu sun ci riba, wasu sun gina aljannar duniya a tsakiyar talauci.

Abin da ya kawo otal Kongo

Baƙin da suka sa aka buƙaci masauki a Kongo ba masu yawon buɗe ido ba ne, ma'aikata ne. A 1947 aka buɗe wata makarantar horar da akawu a wurin, wadda ta zama Cibiyar Koyar da Sha'anin Mulki a 1954. A nan aka horar da ma'aikatan En'e da alƙalai da jami'an gudanarwa da suka karɓi aiki daga hannun Turawa a Jihar Arewa. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a watan Oktoba na 1962, sai cibiyar ta shiga ƙarƙashinta, kuma har yau tsangayar shari'a da ta sha'anin mulki da Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci suna harabar Kongo, nesa da babbar harabar Samaru. Wurin da ake kiran ma'aikatan ƙananan hukumomi da na ma'aikatu kwas-kwas da tarurrukan ƙara wa juna sani, dole ya buƙaci ɗakunan kwana da zauren taro. Sunan otal ɗin ma abin da yake faɗa ke nan.

Ba wannan ne farkon sana'ar saukar baƙi a ƙasar Hausa ba. Tun zamanin fatake akwai zango, akwai maigida ko fatoma wanda ke sauke ɗan kasuwa, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa a kan bashi, sannan ya karɓi la'ada. Masanin nan Abner Cohen ya bayyana yadda wannan tsari ya riƙe cinikin shanu da goro a unguwar Sabo ta Ibadan a littafinsa na 1969. Abin da ya zo daga baya shi ne shigar hukuma cikin sana'ar: da farko gidajen saukar baƙi na Turawan mulki, sai manyan otal irin su Hamdala a Kaduna a zamanin Sardauna, sai kuma na lokacin da kuɗin man fetur ya yi ambaliya a shekarun 1970.

Mafi shahara daga cikin na ƙarshen nan shi ne otal ɗin Durbar na Kaduna, wanda Gwamnatin Tarayya ta gina domin baƙin hawan dabar bikin FESTAC na 1977. An sayar da shi a shekarun 1990, ya koma hannun wani kamfani da ake dangantawa da iyalan marigayi Janar Sani Abacha, aka shiga doguwar shari'a a kan mallakarsa, ginin kuma ya zama kango. A watan Janairun 2020 gwamnatin Jihar Kaduna ƙarƙashin Nasir El-Rufai ta rushe shi, aka sake komawa kotu. Otal da aka gina da kuɗin jama'a ya ƙare ba otal, ba kuɗi.

Sifaniya: otal a cikin tarihi

Sifaniya na cikin ƙasashen da suka fi daɗewa suna gudanar da otal na gwamnati ba tare da sun watsar ba. A 1928, zamanin Sarki Alfonso na 13, aka buɗe masauki na farko a tsaunukan Gredos da ke lardin Ávila, bisa shawarar wani basarake mai kula da yawon buɗe ido, Marqués de la Vega-Inclán. Aka kira shi parador, wato wurin yada zango. Yau akwai irinsa kusan ɗari a faɗin ƙasar, duk ƙarƙashin kamfani guda mai suna Paradores de Turismo de España, wanda gwamnati ce ta mallaki hannun jarinsa baki ɗaya.

Dabarar ba ta da wuyar fahimta. Sifaniya na da tsofaffin ganuwoyi da fadoji da gidajen ibada da suka fi ƙarfin aljihun hukumar adana kayan tarihi, yawancinsu kuma a ƙananan garuruwan da ɗan kasuwa ba zai kai jarinsa ba. Sai gwamnati ta gyara ginin, ta mayar da wani sashe ɗakunan kwana, kuɗin baƙo ya riƙa biyan kula da rufi da bango, garin kuma ya samu ayyukan yi da kasuwar abincin gargajiyarsa. Wanda ke birnin Santiago de Compostela asalinsa asibitin masu ziyarar ibada ne da sarakunan ƙasar suka ba da umarnin ginawa a 1499. Wanda ke Granada kuwa yana cikin harabar Alhambra ne, fadar sarakunan Banu Nasr, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus wadda ta faɗi a 1492. Ginin gidan rahibai ne da aka ɗora a kan wata ƙaramar fadar Musulmi, kuma baƙon da ya kama ɗaki a ciki yana kwana ne a wurin da sauran jama'a ke bin layi su sayi tikiti kafin su leƙa da rana. (Daga wannan birni ne mawaƙi Abu Ishaq al-Sahili ya fito, wanda ya haɗu da Mansa Musa a hajjin 1324 ya biyo shi Mali, ya rasu a Timbuktu. Hanyar Andalus da Afirka ta Yamma ba sabuwa ba ce.)

Ba a yi wannan ba tare da tangarɗa ba. Yawancin faɗaɗa tsarin an yi shi ne a ƙarƙashin mulkin kama-karya na Janar Franco, musamman lokacin da Manuel Fraga ke ministan yaɗa labarai da yawon buɗe ido daga 1962 zuwa 1969, kuma gwamnatin ta yi amfani da shi wajen wanke sunanta a idon Turai. Lokacin durƙushewar tattalin arzikin da ya biyo bayan 2008, kamfanin ya yi ta tafka asara, har a ƙarshen 2012 aka shiga shirin sallamar ɗaruruwan ma'aikata, kafin ya farfaɗo bayan 'yan shekaru. Siyasa ma ba ta bar shi ba: kujerar shugabansa takan faɗa hannun na-hannun-daman jam'iyya mai mulki. Óscar López, jigo a jam'iyyar gurguzu ta PSOE, ya riƙe ta daga 2018 zuwa 2021, daga baya aka bai wa tsohuwar ministar sufuri Raquel Sánchez. Mai karatu a Najeriya ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Bambancin yana wani wuri ne. Kamfanin yana fitar da rahoton kuɗinsa na shekara ga kowa, kotun binciken asusun gwamnati na da ikon bin diddiginsa, 'yan majalisa da 'yan jarida suna iya ganin yawan ɗakunan da aka kama da abin da aka samu da abin da aka kashe. Shi ya sa lokacin da ya shiga asara aka sani, aka yi ta cacar baki a fili, ƙungiyoyin ƙwadago suka yi ciniki a kan adadin waɗanda za a sallama. Naɗin siyasa bai kashe shi ba domin wanda aka naɗa ba ya iya ɓoye littafin.

Nasarar ma tana da nata ciwon. A 2024 Sifaniya ta karɓi baƙi 'yan ƙasar waje kimanin miliyan 94, kusan ninki biyu na yawan jama'arta, kuma yawon buɗe ido na samar da fiye da kashi 12 cikin ɗari na arzikin ƙasar. A shekarar ce dubban mutane suka fito zanga-zanga a tsibiran Canary a watan Afrilu, suna kukan tsadar haya da ƙarancin ruwa da ƙaramin albashi, a watan Yuli kuma wasu mazauna Barcelona suka riƙa fesa wa masu yawon buɗe ido ruwa da bindigar wasan yara. Magajin garin, Jaume Collboni, ya sanar cewa zuwa ƙarshen 2028 za a soke lasisin gidajen haya na baƙi kimanin dubu goma domin 'yan gari su samu wurin zama.

Cancún: garin da banki ya zana

Meziko ta bi wata hanya dabam. A ƙarshen shekarun 1960, Babban Bankin ƙasar ya sa ƙwararru su nemo wuraren da za a gina biranen shaƙatawa domin jawo dalar Amurkawa. Suka zaɓi wani siririn tsibirin yashi a gaɓar Yucatán, inda 'yan tsirarun masunta da masu gadin gonar kwakwa ke zaune. An fara aiki a 1970, da kuɗin gwamnati da rancen Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka. Gwamnati ta yi hanya da filin jirgin sama da ruwa da lantarki, ta zuba kuɗi a otal na farko-farko saboda 'yan kasuwa na jin tsoro, sannan ta riƙa sayar da filaye ga manyan kamfanoni. A 1974 aka kafa asusun FONATUR domin ci gaba da wannan aiki.

Ta fuskar kuɗin shiga, an dace. Ƙidayar 2020 ta nuna mazauna Cancún sun doshi dubu 900, filin jirgin samanta kuma na cikin mafiya cunkoso a duk yankin Latin Amurka. Sai dai an raba garin gida biyu tun a kan takardar zane: zirin otal-otal mai tsawon fiye da kilomita 20 a bakin teku, da kuma cikin gari inda masu share ɗaki da masu dafa abinci ke zaune, wasu a unguwannin da suka tsiro ba tsari. Yawancin otal ɗin na tsarin biya-sau-ɗaya ne, wato baƙo ya biya kuɗin jirgi da ɗaki da abinci tun daga ƙasarsa, ba ya buƙatar fita ya sayi ko ruwan sha a hannun ɗan gari. Kuɗin yakan koma inda ya fito.

Kyuba ta ƙara wani salo: soja. A daidai lokacin da Tarayyar Sobiyet ke gab da rushewa, gwamnatin Fidel Castro ta buɗe ƙofa ga kamfanonin Sifaniya, kamfanin da yanzu ake kira Meliá ya fara gudanar da otal a Varadero a 1990. Mafi girman mai mallakar ɗakunan otal a ƙasar shi ne Gaviota, reshen rukunin kamfanonin soja na GAESA, wanda ba ya bayyana asusunsa ga jama'a. Baƙi sun ragu daga kimanin miliyan 4.7 a 2018 zuwa wajen miliyan 2.2 a 2024, amma ba a daina gina sababbin otal na alfarma ba, ciki har da wani dogon bene mai hawa fiye da 40 a Havana, a daidai lokacin da lantarkin ƙasar baki ɗaya ya ɗauke a watan Oktoban 2024.

Sipopo, a ƙofar gida

Misalin da ya fi kusa da Najeriya, a taswira da kuma a ɗabi'a, yana tsibirin Bioko ne, wanda dā ake kira Fernando Po, inda dubban 'yan Najeriya suka yi ƙwadago a gonakin koko har aka kwaso su a tsakiyar shekarun 1970 saboda cin zarafi. Ikwatoriyal Gini ce ƙasa mai cikakken 'yanci ɗaya tilo a Afirka da Sifaniyanci ke cikin harsunanta na hukuma. Domin taron shugabannin Tarayyar Afirka na tsakiyar 2011, gwamnatin Teodoro Obiang Nguema, wanda ke mulki tun 1979, ta gina wata unguwa sukutum a Sipopo kusa da Malabo: gidajen alfarma 52 na shugabanni, zauren taro, filin wasan golf, gaɓar teku ta yashin da aka zubo, da otal mai tauraro biyar. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ce an kashe fiye da dala miliyan 800, a ƙasar da yawancin jama'arta ke fama da rashin ruwa mai tsabta da asibiti.

Sipopo da Durbar 'yan gida ɗaya ne. Duka an gina su ne domin taro guda, da kuɗin mai, ba tare da an amsa tambayar wa zai kwana a ciki bayan baƙin sun watse ba.

Abin da Zariya ke da shi

A nan ne Kongo ta bambanta, kuma bambancin na alheri ne. Zariya ba ta jiran taro guda. Baya ga Jami'ar Ahmadu Bello da asibitin koyarwarta na Shika, akwai Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama da aka kafa a 1964, akwai Depot inda ake horar da kuratan soja tun 1924, akwai Kwalejin Barewa da tsofaffin ɗalibanta, akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli. Kowace na da ranar yaye ɗalibai, da taron ƙungiya, da baƙin da ke buƙatar wurin kwana. Otal a garin da ke da irin wannan kasuwa ba shi da hujjar rasa baƙi, sai dai in sun sami wanda ya fi shi ruwa da wuta da tsabta.

Ta ɓangaren tarihi ma garin ba matalauci ba ne. Akwai ragowar ganuwa da ƙofofinta irin su Ƙofar Doka da Ƙofar Kuyambana da Ƙofar Gayan, akwai fadar Sarkin Zazzau da hawan Sallah, akwai dutsen Kufena, akwai Turunku da ake dangantawa da gidan Sarauniya Amina, akwai ginin Kamfanin Gaskiya, gidan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939. Sama da duka akwai tarihin Masallacin Juma'a da Babban Gwani ya gina a shekarun 1830, wanda masana gine-gine ke lissafawa cikin mafi ƙwarewar aikin bakan gizo na ƙasa a Afirka ta Yamma, har aka yi kwafinsa a gidan adana gine-ginen gargajiya na Jos. A ranar 11 ga Agustan 2023 wani sashe na masallacin ya rufta ana cikin sallar La'asar, aka rasa rayuka. Masallaci ba wurin kasuwanci ba ne, ba kuma wanda zai ce a mayar da shi masauki. Amma matsalar da paradores suka zo warwarewa ita ce dai wannan: tsohon gini na buƙatar kuɗin kulawa kowace shekara, ba sai ranar da ya faɗi ba, kuma dole a san aljihun da kuɗin zai fito. A Zariya ba wata igiya da ta haɗa kuɗin da baƙo ke kashewa da gyaran ganuwa ko soro.

Akwai kuma abin da ba otal ɗin da zai iya gyarawa. A watan Yunin 2021 'yan bindiga sun shiga Kwalejin Nuhu Bamalli suka sace ɗalibai da malamai. A ranar 28 ga Maris 2022 aka kai hari kan jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, kwana biyu bayan wani harin a filin jirgin saman Kaduna. Aikin hanyar Abuja zuwa Kano ta Kaduna da Zariya, wanda aka bayar a ƙarshen 2017, ya ci shekaru ana jan ƙafa. Mai shirya taro da ke zaune a Legas ko Abuja waɗannan yake dubawa kafin ya duba launin labule.

Wa ke da iko, wa za a tambaya

Mutane da yawa na ɗauka cewa harkar otal ta Abuja ce. A watan Yulin 2013 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da ke tsakanin Gwamnatin Tarayya da Jihar Legas cewa ba da lasisi da tantance darajar otal hurumin jihohi ne. Ke nan ingancin otal-otal na Zariya, na gwamnati da na 'yan kasuwa, yana wuyan Jihar Kaduna. A matakin tarayya kuwa ba a ma tsaya a kan tsari guda ba: Shugaba Bola Tinubu ya ƙirƙiro ma'aikatar yawon buɗe ido mai zaman kanta a watan Agustan 2023, a watan Oktoban 2024 kuma aka haɗe ta da ta al'adu ƙarƙashin Hannatu Musawa. A Disamban shekarar UNESCO ta sanya hawan dabar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya, amma wuraren tarihin Najeriya da ke cikin jerinta har yanzu biyu ne, Sukur a Adamawa da kurmin Osun a Osogbo, yayin da Sifaniya ke da kimanin 50.

Maganin da hukumomi suka fi ambata idan kadara ta yi musu nauyi shi ne jingina, wato a miƙa ta ga ɗan kasuwa ya gyara ya gudanar na wasu shekaru yana biyan wani kaso. Tsarin ba laifi ba ne a kan kansa. Otal ɗin Hilton na Abuja, wanda aka buɗe a 1987, ya ci gaba da aiki bayan kamfanin Transcorp ya sayi kaso mafi rinjaye a 2005. Amma Durbar ma sayar da shi aka yi. Abin da ke raba su yana cikin takarda: yadda aka zaɓi ɗan kasuwar, ko an yi gasa a fili, shekaru nawa, nawa zai zuba, nawa zai biya, me zai faru da ma'aikata da haƙƙoƙinsu, kuma wa ke da filin idan yarjejeniya ta watse. Dokar 2005 da ta kafa hukumar kula da jinginar da kadarorin tarayya ta tanadi a yi gasa a fili kuma Majalisar Zartarwa ta amince, Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ta shimfiɗa ƙa'idar sayar da kadara.

Ga otal na jami'ar tarayya kamar na Kongo, waɗanda ke da alhakin amsa tambaya su ne hukumar gudanarwar jami'ar da shugabanta, sannan kwamitocin binciken asusu na Majalisar Tarayya. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta bai wa kowane ɗan ƙasa, ɗalibi ne ko ɗan jarida ko mai shago a Tudun Wada, damar rubuta takarda ya nemi ganin kuɗin shiga da rahoton masu binciken asusu da duk wata yarjejeniyar haya ko jingina, ba tare da ya faɗi dalilinsa ba. Dokar ta shafi har kamfanonin da hukuma ke da rinjayen hannun jari a cikinsu. Hukumar da aka rubuta wa na da kwana bakwai ta amsa, in ta ƙi kuma mai nema na da kwana 30 ya garzaya kotu. A watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa dokar ta hau kan gwamnatocin jihohi ma, wanda ke nufin ana iya aika irin wannan takarda zuwa Gidan Sir Kashim Ibrahim a kan filin da Durbar ya taɓa tsayawa.